Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Ba Da Labarin Jamus Da Hausa: Ku Daina Tsallake Shekarun 1918 Zuwa 1923

Zuwa ga masu gabatar da shirye-shiryen tarihi da Hausa a gidajen rediyo da talabijin, da masu ɗora irinsu a YouTube da Facebook da TikTok.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, Allah ya sa haka, amin. A cikinku akwai sa'o'ina, akwai ƙannena, akwai kuma waɗanda na haifa, saboda haka a yi haƙuri da maganar tsoho idan ta yi kaifi. Ni malamin tarihi ne da ya ajiye alli bayan ya koyar a makarantun sakandare a yankin Mubi. Ina rubuto muku wannan takarda da yawun 'yan uwana malamai da har yanzu suke cikin aji, da kuma iyayen da 'ya'yansu suka fi sauraronku a kan mu. Ba na ƙyashin wannan. Kun kai tarihi shagon tela da teburin mai shayi da tashar mota, wuraren da littafinmu bai taɓa leƙawa ba, kuma Allah ya saka muku. To amma wanda jama'a suka ba kunne, nauyinsa ya fi na kowa.

Tun da tsadar rayuwa ta matsa wa mutane, labarin Jamus ya zama abin yayi a shirye-shiryenku. Hoton da ke yawo kusan guda ne: mutum yana tura baro shaƙe da takardun kuɗi, wai zai je sayen burodi. Bayanin da ke biye da shi ma guda ne: Jamus ta kori sarkinta ta rungumi dimokuraɗiyya, 'yan siyasa suka sayar da ƙasa, kuɗi ya zama shara, sai Hitila ya zo ya gyara komai. Cikin minti uku an gama, an nemi mai kallo ya danna ya tura wa wasu. Hoton gaskiya ne. Bayanin kuwa kusan kowace gaɓa tasa a karye take, kuma abin da ya karye shi ne ya faɗo mana cikin aji.

Ƙorafina na farko shi ne yadda kuke buɗe labarin. Kuna cewa sojojin Jamus suna gab da cin Yaƙin Duniya na Ɗaya sai farar hula suka miƙa wuya. A ƙarshen Satumban 1918 Janar Erich Ludendorff ne da kansa, wanda shi da Paul von Hindenburg suke riƙe da ragamar yaƙin, ya shaida wa Sarki Wilhelm na II cewa al'amari ya ɓaci, a nemi tsagaita wuta ba tare da jinkiri ba. Sojojin Amurka suna ta kwarara Faransa, Bulgeriya ta fita daga yaƙin, Jamus ta rasa mazaje kusan miliyan 2, a gida kuma takunkumin da jiragen ruwan Ingila suka kafa ya jefa mutane cikin yunwa. Shi Ludendorff ɗin ne ya ba da shawarar a jawo 'yan majalisa cikin gwamnati, kuma ba ƙaunar majalisa ta sa shi ba. So yake a samu wanda zai ɗauki kunyar. Da hafsoshin ruwa suka yi niyyar fitar da jirage don wani karo na ƙarshe da rundunar Ingila, ƙananan sojojin suka ƙi, bore ya tashi a Kiel ya bazu gari bayan gari. Ranar 9 ga Nuwamba aka sanar da murabus ɗin sarki. Philipp Scheidemann ya leƙo daga ginin majalisa ya shelanta jamhuriya, bayan kamar sa'o'i biyu Karl Liebknecht ya tsaya a fadar sarki ya shelanta tasa jamhuriyar ta gurguzu. Washegari sarki ya tsallaka Holan, bai ƙara taka ƙasarsa ba har ya mutu a 1941. Ludendorff ya yi shigar burtu ya gudu Suwidin.

Wanda ya ja tawagar da ta sa hannu a takardar tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne, ɗan majalisa ne farar hula, Matthias Erzberger. Hindenburg ya aika masa da saƙon cewa ya sa hannu ko da bai samu sassauci ba. Bayan shekara guda, a Nuwamban 1919, wannan Hindenburg ɗin ya zauna gaban kwamitin bincike na majalisa ya ce ba a ci rundunarsa a fagen fama ba, mutanen gida ne suka soka mata wuƙa ta baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga nan aka riƙa nuna masu jam'iyyar ma'aikata da 'yan gurguzu da Yahudawa da yatsa, alhali Yahudawan Jamus kimanin 100,000 ne suka yi wa ƙasar yaƙi, wajen 12,000 daga cikinsu suka mutu a ciki. Wannan ƙaryar da manyan hafsoshi suka ƙirƙira don wanke kansu ita ce kuke zuba wa yaranmu da Hausa bayan fiye da shekara ɗari, kuna tsammanin wani sirri kuka tono.

Ba kwa kuma faɗin cewa Jamusawa da kansu suka zaɓi wannan tsari. A zaɓen 19 ga Janairun 1919 mata suka kaɗa ƙuri'a a karon farko, kashi 83 cikin ɗari na masu zaɓe suka fito, jam'iyyu ukun da ke goyon bayan jamhuriya suka kwashi kimanin kashi 76. An kai zaman majalisar garin Weimar ne saboda Berlin ba ta zaunuwa don harbe-harbe. Can suka zaɓi Friedrich Ebert shugaban ƙasa, mutumin da asalin sana'arsa ɗinkin sirdi ce, wanda kuma ya rasa 'ya'yansa maza biyu a yaƙin. Irin mutumin da ake kira maci amanar ƙasa ke nan.

Na biyu, kuma nan ne na fi jin takaici, kuna ba da labarin rikicin waɗannan shekaru kamar wani hargitsi ne da ya faɗo daga sama, wai haka dimokuraɗiyya take. Hargitsin yana da masu shi, kuma akwai waɗanda suka ɗaure masa gindi. Sabuwar gwamnati ta gaji hafsoshin sarki da alƙalan sarki da manyan ma'aikatan sarki, ba ta taɓa su ba. Tun ranar 10 ga Nuwamban 1918 Ebert ya ƙulla alƙawari ta waya da Janar Wilhelm Groener: soja zai tsare gwamnati, gwamnati kuma za ta bar hafsoshi da ikonsu. Ina fahimtar tsoron da ya sa shi, don yana ganin abin da ke faruwa a Rasha, amma an ba kura ajiyar nama. A Janairun 1919 da 'yan gurguzu suka yi bore a Berlin, gwamnati ta sako musu rundunonin sa-kai na tsofaffin sojoji, waɗanda ba su ƙaunar jamhuriyar ko kaɗan. Su ne suka kama Karl Liebknecht da Rosa Luxemburg ranar 15 ga wata, suka kashe su ba shari'a, suka jefa gawar matar a magudanar ruwa. Wannan laifi ne da ke wuyan gwamnatin Ebert da ministanta Gustav Noske, kuma ya raba ma'aikatan Jamus gida biyu, rabuwar da ba ta ɗinke ba har Hitila ya same su a haka. Ku faɗe shi. Ba ina roƙon ku yi wa jamhuriyar kwalliya ba ne.

A ranar 13 ga Maris ɗin 1920 waɗannan rundunoni suka juyo kan mai gidan. Wolfgang Kapp da Janar Walther von Lüttwitz suka mamaye Berlin, shugabannin soja suka noƙe suka ƙi kare gwamnati, ministoci suka gudu Dresden, daga can suka wuce Stuttgart. Abin da ya karya juyin mulkin shi ne yajin aiki na gama-gari. Jiragen ƙasa suka tsaya, ruwa da wuta suka ɗauke, ma'aikatan ofis suka ƙi bin umarnin Kapp, ranar 17 ga wata ya tattara ya gudu. Ban taɓa jin wannan a shirin ko ɗayanku ba, alhali a wurina shi ne labari mafi daɗin ji a duk tarihin jamhuriyar: lebura da akawu sun kayar da masu bindiga ta hanyar naɗe hannu. To me ya biyo baya? Cikin manyan da suka shirya juyin mulkin mutum ɗaya kacal kotu ta ɗaure, Traugott von Jagow, shi ma shekara biyar aka yanke masa na tsarewar girmamawa, bai kuma cika su ba. Ma'aikatan yankin Ruhr da suka ɗauki makami a lokacin suka ƙi ajiyewa kuwa, soja aka tura musu, har da wasu daga cikin rundunonin da suka goyi bayan Kapp, aka kashe kimanin dubu.

Wani masanin lissafi mai suna Emil Julius Gumbel ya zauna ya ƙirga kashe-kashen siyasa na 1919 zuwa 1922 ɗaya bayan ɗaya. Ya samu 354 daga ɓangaren masu son dawo da tsohon tsari, 22 daga ɓangaren 'yan gurguzu. Daga cikin 354 ɗin nan, 326 ba a hukunta kowa a kansu ba. A kan 22 ɗin kuwa an zartar wa mutum goma hukuncin kisa. Ranar 26 ga Agustan 1921 aka harbe Erzberger yana yawon shan iska, waɗanda suka harbe shi suka tsere zuwa Hangari. Ranar 24 ga Yunin 1922 aka buɗe wa ministan harkokin waje Walther Rathenau wuta cikin motarsa a Berlin, aka bi shi da gurneti. Ƙungiyar asiri guda ce ta tsofaffin hafsoshi ta aikata duka biyun. Idan alƙali yana cin albashin gwamnati da rana, zuciyarsa kuma tana tare da masu kashe ministocinta, matashi mai bindiga ba ya buƙatar wanda zai gaya masa cewa hanya a buɗe take.

Haka aka yi da Hitila. A daren 8 ga Nuwamban 1923 ya kutsa wani gidan giya a Munich inda shugabannin jihar Bavariya ke taro, ya harba bindiga sama ya ce juyin mulki ya fara. Washegari 'yan sanda suka tarwatsa jerin gwanonsa, 'yan sanda huɗu suka rasa rayukansu. Laifin cin amanar ƙasa ne, shi kuma ba ɗan ƙasa ba ne, mutumin Ostiriya ne, doka ta ce a kore shi. Alƙali Georg Neithardt ya bar shi ya mai da kotu dandalin jawabi na makonni, jaridu suna kwashewa, sannan ya yanke masa mafi ƙarancin hukunci, shekara biyar, ya ƙi korarsa. Ludendorff da suka yi tattakin tare aka wanke shi tas. Kafin ƙarshen Disamban 1924 Hitila ya fito daga gidan yarin Landsberg. Idan kuna neman wanda ya buɗe masa ƙofa, ku fara daga wannan kotu.

Na uku shi ne batun kuɗi, tunda shi ne ke jawo muku masu kallo. Wani lokaci ku ɗora faɗuwar mak, wato kuɗin Jamus, kacokan a kan 'yan siyasa, wani lokaci kacokan a kan yarjejeniyar Versailles, wadda aka ƙulla da Jamus bayan yaƙin. Ciwon ya girmi duka biyun. Tun Agustan 1914 gwamnatin sarki ta raba mak da zinariya, ta kuma zaɓi ta yi yaƙin da bashi maimakon haraji. Aka riƙa sayar wa talakawa takardun lamunin yaƙi, malamai da 'yan fansho da zawarawa suka zuba ajiyarsu. Lissafin shi ne idan an ci yaƙi abokan gaba za su biya, kamar yadda aka sa Faransa ta biya faran biliyan 5 bayan yaƙin 1871, kuma mai kula da baitulmali na lokacin, Karl Helfferich, ya faɗi hakan a fili gaban majalisa a 1915. Ba a ci yaƙin ba. Jamhuriya ta buɗe ido ta tarar da bashin kimanin mak biliyan 150, ga kuɗin da ya riga ya zubar da kusan rabin darajarsa, ga miliyoyin sojoji sun dawo suna neman aiki, ga marayu da naƙasassu. Da Erzberger, yana ministan kuɗi, ya kawo haraji mai nauyi a kan masu dukiya don cike giɓin, wannan Helfferich ɗin ne ya ja gaba wajen ɓata masa suna har ya sauka.

Ba na musun cewa Versailles ta yi tsauri. An sa mata hannu ranar 28 ga Yunin 1919 ba tare da an zauna teburi da Jamus ba, ta raba ƙasar da kimanin kashi 13 cikin ɗari na faɗinta, ta ƙayyade sojojinta ga 100,000, ta ɗora mata alhakin ɓarnar yaƙin. Scheidemann, wanda shi ne shugaban gwamnati a lokacin, ya gwammace ya ajiye mulki da ya sa hannu. A 1921 aka yanke diyyar yaƙi mak biliyan 132 na zinariya, adadin da kuke son ambata. Abin da kuke bari shi ne biliyan 50 ne aka tsara biya a aikace, sauran biliyan 82 an jingine su sai wani lokaci da ba a sa ba, kuma ba a taɓa biyan su ba. Mai son adalci zai kuma tuna irin sharuɗɗan da Jamus ɗin ta gindaya wa Rasha a Brest-Litovsk a Maris ɗin 1918, lokacin da wuƙa ke hannunta.

Abin da ya mai da ciwo ajali shi ne Ruhr. Jamus ta gaza kai wa Faransa katako da kwal da aka yi alƙawari, sai ranar 11 ga Janairun 1923 sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin, wanda shi ne zuciyar masana'antun ƙasar. Gwamnati ta ce kowa ya ƙi aiki, ita za ta biya albashi. Da me? Da injin buga kuɗi. Shugaban gwamnatin da ya yanke wannan shawara, Wilhelm Cuno, ba ɗan wata jam'iyya ba ne. Shugaban wani babban kamfanin jiragen ruwa ne da aka ɗauko don a ce ƙwararre ya zo. Shugaban babban banki, Rudolf Havenstein, tun zamanin sarki yake kan kujerar. Dala guda da take mak 4.2 a 1914 ta kai wajen 320 a tsakiyar 1922, kusan 18,000 a Janairun 1923, fiye da miliyan 4 a Agusta, sannan tiriliyan 4.2 a Nuwamba. Madaba'u fiye da 130 suna bugawa, har aka fitar da takardar mak tiriliyan 100. Ana biyan lebura kullum, matarsa na jira a ƙofar ma'aikata ta karɓa ta ruga kasuwa kafin farashi ya canja. Manoma suka ƙi ba da hatsi a kan takarda.

Ba kowa ne ya yi asara ba, kuma wannan ma yana da kyau mai sauraro ya sani. Duk mai bashi a wuya ya sauke shi da kuɗin da bai kai na ƙwai ba. Attajirai irin su Hugo Stinnes suka riƙa cin bashi suna sayen ma'aikatu. Gwamnati ita kanta ta wayi gari bashin yaƙinta na cikin gida bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabon mak guda ba. Wanda ya biya shi ne tsohon da ya tara don tsufansa da matar da ta sayi takardun lamuni don kishin ƙasa. Waɗannan ba su yafe ba, kuma jamhuriya suka riƙe a zuci, ba sarkin da ya karɓi kuɗinsu ba.

Na huɗu gajere ne, batun kwanan wata ne kawai. Gustav Stresemann ya karɓi gwamnati a Agustan 1923. Ranar 26 ga Satumba ya janye ƙin aikin Ruhr, yana sane za a kira shi matsoraci. Ranar 15 ga Nuwamba aka fito da sabon kuɗi, Rentenmark, a hannun ministan kuɗi Hans Luther da Hjalmar Schacht, kowane guda a kan tsohon mak tiriliyan ɗaya, aka ƙayyade yawan da za a buga, aka sallami dubban ma'aikatan gwamnati don rage kashe kuɗi. A ranar da sabon kuɗin ya fito Hitila yana tsare, don an kama shi tun 11 ga wata. Majalisa ta kayar da Stresemann ranar 23 ga Nuwamba, bayan kwana ɗari da 'yan kai a kan mulki. Wanda ya gaje shi shi ne shugaban gwamnati na takwas cikin ƙasa da shekara biyar. Duk da haka jamhuriyar ta tsallake wannan shekara da ƙafafunta. A zaɓen 1928, shekara biyar bayan hoton baro, jam'iyyar Hitila kashi 2.6 cikin ɗari ta samu, kujeru 12 cikin 491. Abin da ya ɗaga ta wata masifa ce daban: kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, masu ba da rance suka janye kuɗinsu, gwamnatin Heinrich Brüning ta riƙa yanke albashi tana mulki da dokar ta-ɓaci, farashi na faɗuwa, marasa aiki suka kai miliyan 6 a 1932. Ko a lokacin bai taɓa samun rinjaye a zaɓe na gaskiya ba: kashi 37 a Yuli, ya sauko 33 a Nuwamba. Hindenburg, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa, shi ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, bisa ƙulle-ƙullen Franz von Papen da abokansa, masu zaton za su juya shi. Diyyar yaƙin ma an riga an kawo ƙarshenta a taron Lausanne na 1932, kafin ya hau.

Ga abin da wannan sakaci yake jawo mana. Wani ƙanena da ke koyarwa ya nuna mini takardun gwajin ajinsa, yara da dama sun rubuta cewa Hitila ne ya tsayar da hauhawar farashin 1923. Da ya gyara musu, ɗaya ya ce ai shi a waya ya ji, kuma mai shirin ya fi malam mabiya. Asarar maki ƙaramin abu ne. A majalisarmu ta bayan isha'i na ji saurayi mai hankali, wanda ke fama da kuɗin haya da na mota, yana cewa mu ma irin Hitila muke buƙata. Ba mugu ba ne, an dai ba shi labarin da aka yanke kai da ƙafa. Bai san cewa mutumin ya bar Jamus toka a 1945 ba, an raba ta, mutane suna ciniki da taba sigari a madadin kuɗi. Kuma tare da labarin sukar baya ƙiyayyar wata al'umma ke shigowa, a ce duk masifar ƙasa laifin wasu tsiraru ne. Mu da muka ga abin da irin wannan magana ke yi wa garuruwa ba ma buƙatar a shigo mana da wata daga waje.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, wanda na yi mamakin yadda kuka bar shi. Nan Mubi da nake zaune, da Dikwa da Bama da Gwoza da Ganye da tsaunin Mambila, duk suna cikin Kamarun Jamus. Garwa ta faɗi a 1915, Mora ta miƙa wuya a 1916, Versailles kuma ta ƙwace wa Jamus dukkan ƙasashen da take mallaka, aka raba Kamaru da Togo tsakanin Ingila da Faransa. Ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta kawo mu Nijeriya jikanyar wannan yarjejeniya ce. A Yunin 1919 wani ɗan Kamaru mai tuƙin jirgin ƙasa a Berlin, Martin Dibobe, shi da wasu 'yan Afirka suka aika wa majalisar Weimar takardar neman daidaito tsakanin baƙi da fari. A waɗannan shekarun ne kuma aka yi ta farfagandar ƙazanta a kan sojojin Afirka da Faransa ta girke a yankin kogin Rhine. 'Ya'yan da wasunsu suka haifa da Jamusawa, gwamnatin Hitila ta tattara ɗaruruwansu a 1937 ta yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. Baƙar fata da ke yabon mutumin nan ya kamata a ce ya ji wannan tukuna.

Saboda haka ga roƙona gare ku. Duk wanda ya san ya ɗora shirin da ke cewa Hitila ne ya gyara kuɗin 1923, ko cewa farar hula ne suka kayar da rundunar da ke cin yaƙi, ya sauke shi ko ya yi wani ya gyara da bakinsa, a wurin da ya yi na farkon, ba a ƙasan sharhi inda ba mai gani ba. Masu sauraronku ba za su raina ku a kan haka ba.

Ku ba shekarun 1918 zuwa 1923 shiri nasu na kansu, kashi-kashi, kada su zama 'yar shimfiɗa kafin a kai ga Hitila. Yajin aikin 1920 ya isa shiri guda. Lissafin Gumbel da shari'ar Munich sun isa wani. Idan kun nuna hoton baro, ku faɗi shekararsa, ku faɗi wanda ya fara cin bashin, ku faɗi wanda ya tsayar da abin da kuma ranar. Ku raba hauhawar farashin 1923 da rashin aikin 1930 zuwa 1932, don cuta biyu ce, kowace da sanadinta.

Shugabannin gidajen rediyo da talabijin, Allah ya ƙara muku girma, ku sa a riƙa nuna rubutun shirin tarihi ga wani malamin tarihi kafin a hau iska. Akwai su a kwalejojin ilimi da jami'o'in da ke kusa da ku, da yawansu kuma kuɗin mota kawai za su nema. Masu shafukan intanet kuwa, ku riƙa faɗa wa jama'a inda kuka samo bayani, kuma ku yi hattara da fassara bidiyon da ba ku san wanda ya shirya shi ba, don har yau akwai masu yi wa Hitila wanki da harsuna da yawa. Idan za ku kwatanta Jamus da halin da ƙasashenmu ke ciki, wannan haƙƙinku ne, amma ku gama ba da labarin yadda ya faru tukuna, sannan ku ce daga nan ra'ayina ne.

Ni da abokan aikina a shirye muke mu duba rubutun duk wanda ya turo, mu kuma zo ɗakin shiri idan an gayyace mu, ba tare da an biya mu ba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Mubi.